Ranar da Na'Allah Ya Ratsa Tafki

Shekara uku ke nan sama tana yi wa garin Turba rowa. Hadari zai taso daga gabas baƙi ƙirin, mata su fito da tukwane, sai iska ta kwashe shi ta yi arewa da shi, ta bar mutane da wuya a sama. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Samari sun watse cin rani tun rani bai zo ba. Kuma tun da babu kaka, babu kokawa. Gangar tsoho Ibrahima tana rataye a ɗaki har fatarta ta saki.

A shekara ta biyu ne ciwo ya kayar da Na'Allah, ɗan kokawar da daga Isa har Burkusuma ba a taɓa ganin ƙasa a gadon bayansa ba. Yana gona yana maimaita shuka karo na uku, sai ya ji hannunsa na hagu ya zama kamar na wani. A amalanken jaki aka ɗauko shi. A asibiti aka ce hawan jini ne, ɓarin jiki ya shanye. Ya dawo gida da ƙafa mai jan ƙasa da baki a karkace, magana tana fito masa da ƙyar kamar ana jawo guga daga rijiya mai zurfi. Tun daga ranar, wata goma sha huɗu cur, bai ƙetare zaure ba, ko masallaci. In masu dubiya suka zo sai ya juya fuska ga bango, ya sa matarsa Safiyatu ta ce barci yake. So yake Turba ta riƙe shi yadda ta san shi, da layu a damtse da ƙirji kamar ƙofar gari. Ya gwammace a manta da shi da a tausaya masa.

Ana nan sai ƙwallo ta shigo gari. Malam Usmanu, sabon malamin firamare, shi ya saye ta hannun wani falke mai zuwa Nijar. Babban tafkin bayan gari ya ƙafe, laka ta tsattsage kamar tafin ƙafar manomi. Nan malamin ya sa yara suka share, suka kafa itace biyu can, biyu nan. 'Ya'yan Na'Allah biyu suna cikin waɗanda suka fara: Bawa mai shekara tara, da Amiru mai bakwai, ɗan siriri mai manyan idanu. Da yamma sai su dawo da farar ƙura har gira, su ƙulla tsumma su ci gaba a tsakar gida, kaji biyun da suka rage suna tsere.

Da farko Na'Allah kallo kawai yake daga kan tabarma. Wata rana ya ga Bawa ya wuce ƙanensa sau biyar a jere, sai abin ya ci masa rai.

"Amiru," ya ce, yana jan kowace kalma. "Kak ka dubi ƙahwa tai. Dubi ƙugu nai. Ƙahwa na ƙarya, ƙugu ba shi ƙarya."

Yaron ya gwada, ya kuwa tare yayansa. Daga ranar Na'Allah ya zama mai horarwa, shi da bai taɓa ganin wasan ƙwallo da idonsa ba. Abin da ya sani shi ya ba su, wato kokawa tsantsa: a rage tsawo, a buɗe ƙafa, kada a ja numfashi abokin karawa ya ji. Da wata yamma Bawa ya yi tuntuɓe ya dafa ƙasa, Amiru ya zo zai wuce ta kansa, sai uban ya buga sanda.

"Tsaya! In mutum ya kai ƙasa, an gama. Ja da baya. Tada shi. Gidanmu ba a cin wanda ya hwaɗi."

Safiyatu tana bakin murhu tana dama ɗan kunun da za a raba huɗu. Ta ɗago ta dube shi, don rabonta da jin muryarsa ta kai bakin zaure tun kafin ciwo. Ta ƙara masa ludayi guda daga nata.

Sai ga labari: ranar Alhamis bayan la'asar yaran garin Kamarawa za su zo a kara. Gari ya ɗauka, don shekara uku ba a taru an yi ihu don wani abin daɗi ba.

"Baba, kana zuwa?" in ji Amiru.

"Ba ni zuwa."

"Malam ya ce ni ad gaba."

"Na jiya. Allah shi ba da sa'a."

Ranar Alhamis yaran suka fita tun azahar. Amiru ya tsaya a bakin zaure ya waiwayo sau biyu. Da gidan ya yi tsit, Safiyatu ta ɗauko wankakkiyar riga da rawani ta ajiye a gefen tabarma.

"Mi na wanga?"

"Riga ta, Maigida."

"Na san riga ta. Kamarawa za su zo, Safiya. Labbo na ciki. Sau ukku ina kai shi ƙasa gaban dangi nai. Yau in tahi shi gan ni ina jan ƙahwa?"

Ta durƙusa kusa da shi tana gyara bakin tabarma, ba ta dube shi ba.

"Ni dai ranar da na hwara ganinka, ba kayen da ka yi na gani ba. Ka tada mutum ka kakkaɓe mai baya, shi na gani. Ɗiyanka ba su san wancan Na'Allah ba, labari nai kawai sunka ji. Wanga da ke zamne shi sunka sani, shi kuma suka so shi zo." Ta miƙe ta ɗauki tulu. "Za ni rijiya. In ka ga dama."

Rijiyar da ke da sauran ruwa tana hanyar tafki. Ya daɗe yana kallon rigar. Sa'annan ya sa ta da hannu ɗaya, ya naɗa rawanin har ya rufe baki da hanci, ya dogara sanda. Da ya ƙetare zaure hasken waje ya mare shi. Bai waiwaya ba, amma yana jin takun Safiyatu a bayansa, ashe jiransa ta yi a waje, ita da take kaiwa rijiya kafin a ƙare alwala, yau tana tafiya kamar mai tsintar allura. Sau huɗu ya tsaya hutawa, sau huɗu ta tsaya gyara gammo.

Bai shiga taro ba. Akwai wata aduwa a kan tudun bakin tafki, nan ya raɓe, ya jingina. Daga nan yana ganin komai: dattawa a kan buzu, 'yan mata da tallan da babu mai saye, tsoho Ibrahima ya ɗaure gangarsa ya zo da ita, Malam Usmanu yana gudu da usur a baki. Yaran kuwa duk inda ƙwallo ta nufa sai su bi ta gaba ɗaya kamar tumaki sun ga dusa. Ya hango Bawa a baya ya rage tsawo, ya buɗe ƙafa, babu mai wuce shi. Wani abu mai ɗumi ya cika masa ƙirji.

Aka daɗe babu ci. Can rana ta karkata, sai ƙwallo ta kuɓuce daga cikin turmutsutsu ta faɗo gaban Amiru. Yaron ya ja ta, ya wuce ɗaya, ya wuce biyu, ya rage daga shi sai mai tsaron gidan Kamarawa. Mai tsaron ya fito da gudu, ƙafarsa ta faɗa tsagar laka, ya kife rub da ciki. Gida ya zama wayam, taku biyar kacal. Turba duka ta miƙe tsaye.

"Buga! Buga!"

Amiru ya taka ƙwallo ya tsaya. Ya ja da baya taku biyu. Sa'annan ya zagaya ya kama hannun yaron da ke ƙasa, ya tashe shi, har da kakkaɓe masa riga. Mai tsaron ya dube shi, ya dubi ƙwallo, ya yi wuf ya rungume ta.

Ihun da ya tashi ba na daɗi ba ne. 'Yan Kamarawa suna dariya har da faɗuwa. 'Yan Turba suka yi wa Amiru caa.

"Wawa! Gaishe shi anka aiko ka yi?"

"A hidda shi, Malam!"

Wani babban mutum ma ya ce, "Ɗan wa na wanga sakarai?" Bawa ya zo ya tsaya gaban ƙanensa da hannu a dunƙule, amma shi ma hawaye yake. Amiru yana ta waige-waige, yana neman wanda zai gaya masa laifin da ya yi.

Na'Allah yana iya zama a bayan aduwa, babu wanda ya san ya zo. Ya dubi filin: daga inda yake zuwa inda yaron yake ya fi taku ɗari, a fili, babu bango, babu inuwa, gaban garuruwa biyu. Ya sa hannu ya janye rawanin daga fuskarsa, don ya san da baki a rufe ba za a ji shi ba. Ya gangara.

Sanda, taku, ja. Sanda, taku, ja. Waɗanda ke kusa suka fara yin shiru, shirun ya bazu har ya kai ɗaya gefen. Yana jin sunansa yana yawo a bakuna ƙasa-ƙasa. Ya ga wata tsohuwa ta rufe baki da gyale. Gumi ya jiƙa masa riga, ƙafar tana kama kowace tsaga, sau ɗaya ya yi tangaɗi har mutum biyu suka yunƙuro, ya ɗaga musu sanda suka koma. Da ya isa ya dafa kan Amiru, ya juya ga taro da karkataccen bakinsa a fili.

"Ɗana na," ya ce. Ya tsaya ya tattaro numfashi. "Ni na koya mai. Mai magana shi yi da ni."

Sai wani dogon mutum ya taso daga cikin Kamarawa, rigarsa tana lilo a jikinsa kamar an rataye ta a kara. Sai da ya matso Na'Allah ya gane shi. Labbo ne, Labbo mai wuyan bajimi, fari ya cinye shi ya bar ƙashi.

"Ai ko ba ka hwaɗi ba mun sani," in ji Labbo. "Duk ƙasar Gobir wa za shi tada mutum shi bar ci, in ba jininka ba? Wancan da ya tada, autana na. Kun saba, ku kada mu ku kakkaɓe."

"Ka tsuhwa, Labbo."

"Kai ko ka yi kyawo! Anka ce mani ka mutu, na ce ƙarya ta, wanga ba shi mutuwa ban rama ba."

"Zo ka rama. Hannu guda ya ishe ka."

Dariya ta fashe, irin wadda Turba ta manta tana da ita. Labbo ya rungume shi, kuma a cikin rungumar ya tallafe shi ta yadda babu wanda ya lura. Tsoho Ibrahima ya saki ganga, sautin ya fito a dishe saboda sakin fata, amma taken Na'Allah ne, kowa ya gane shi. Can kan tudu wata mace ta rangaɗa guɗa guda ɗaya, doguwa, ta ɗauki tulunta ta wuce da sauri.

Malam Usmanu ya matso yana sosa ƙeya. "Baba, ka yi haƙuri. A dokar ƙwallo, ko mutum ya faɗi ana ci gaba."

"Haka doka ta ce?"

"Haka ta ce."

Na'Allah ya jinjina kai, ya sunkuya wajen Amiru gwargwadon yadda jiki ya bari.

"Ka jiya. Ni na yi kure, ba kai ba. In ya ƙara hwaɗuwa, buga tukuna. Sa'annan ka tada shi."

Yaron ya share hanci da bayan hannu. "To in ya ji ciwo hwa, Baba?"

"In ya ji ciwo, bar ƙwallo."

Aka shimfiɗa masa buzu a sahun gaba, kusa da Labbo. Aka hura usur. Kafin magariba Kamarawa suka ci ɗaya, ta tsakanin ƙafafun wani yaro da ya tsaya kallon ganga, kuma a haka aka tashi. Na'Allah bai fasa ba da umarni ba har ƙarshe, rabinsa ba a ji, rabin da aka ji kuma na kokawa ne. Da ladan ya kira salla mutane suka miƙe, Bawa ya miƙo masa sanda ya ce su tafi gida.

"Gida?" in ji Na'Allah. "Masallaci za ni. Ku wuce gaba, ku ce a dakata mani."