Ƙusar da Kafinta Ya Kafa

Da hannunsa Kafinta ya kafa ƙusar a bango, saitin gado, inda za a rataya ledar ƙarin ruwa. Bugu uku ya yi, ya ajiye guduma, ya dafe ƙirji. Zufa ta jiƙa masa riga sharkaf, alhali ko rana ba ta ɗaga ba.

"Kamar an ɗora min buhun siminti," in ji shi. "Har hannun hagu yake sauka."

Matarsa ta dubi ƙanenta, wanda unguwa ke kira Dakta saboda shagon maganinsa na bakin titi. Shi ya ɗebi jinin Kafinta jiya, ya kai gwaji, ya dawo da takarda.

"Yaya, kwantar da hankalinki," ya ce yana kaɗa takardar. "Kin ga nan? Fararen ƙwayoyin jini sun hau. Sojojin jiki ke nan, ba sa taruwa sai da yaƙi. Taifod ce. Ƙirjin kuma olsa."

"Ko dai mu leƙa asibiti?"

"Ku wuni a layi, a ba shi abin da zan ba shi a kan gadonsa?"

Kafinta ya yi murmushin ƙarfin hali. "Bar shi ya yi aikinsa. In ya kashe ni, shi zai ƙarasa wa mutane kujerunsu."

Suka yi dariya, har da ita. Ita ta goya Dakta bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma duk sanda aka kira shi da sunan nan sai ta ji kanta ya ƙara girma. Ta haɗiye maganarta, ta riƙe masa hannun mijin ya soka allura.

* * *

A leda ta huɗu numfashi ya gagara. Da rana tsaka aka kwashe shi zuwa asibiti.

Likitar ta daɗe tana duban zanen bugun zuciyarsa, sannan ta karɓi tsohuwar takardar.

"Wa ya ce muku taifod ce?"

Matar ta sunkuyar da kai.

"Mama, jijiyar da ke kai wa zuciyarsa jini ce ta toshe. In zuciya ta ji rauni, ƙwayoyin nan sukan hau. Da ciwon ƙirji irin wannan, ai ihu jikinsa yake yi tun ranar farko." Ta sassauta murya. "Ruwan da aka yi ta ɗura masa ma nauyi ya ƙara mata. Wa ya sa masa?"

"Wani ne," in ji ta. "A unguwa."

Kafin yamma aka ja masa mayafi.

* * *

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, ba ta musa ba. Dakta ya yi kuka ya fi kowa, bai dai yarda sun haɗa ido ba. Bayan mako guda ya buɗe shago. Tana wucewa ta ji shi yana ce wa wata mai goyo, "Kin ga nan? Sun hau."

Ta ɗan tsaya. Ta wuce.

A ɗaki, ledar nan tana rataye, saura rabi. Ta sauke ta, ta ɗauko gudumar mijinta, ta saƙala bakin gudumar a ƙusar, ta ja da iya ƙarfinta har ƙasar bango ta zubo a kan matashinsa.

Ƙusar ko motsi ba ta yi ba. Shekara ashirin da shida da aurensu, ba ta taɓa ganin ya kafa wadda ta fita ba.