Mai Lantarki a Ɗakin Duhu

Ranar Laraba aka yi wa Mai Lantarki allurar, aka kuma kafa masa doka: kada haske mai ƙarfi ya taɓa fatarsa.

Likita ta zaunar da shi da matarsa ta yi musu bayani. A cikin allurar akwai ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, za su bi jini su taru a tsiron ciwon dajin da ke gefen harshensa. Ranar Juma'a wurin zai fito sarai a na'ura, a dallara masa jan haske, maganin ya farka ya kashe tsiron. Idan kuwa rana ta riga ta ƙona shi, za a ɗaga aikin. In aka yi ta ɗagawa, sai wuƙa, ita kuwa da rabin harshe za ta tafi.

Ga mutumin da ko a barci bakinsa ba ya hutawa, wannan ba ƙaramar barazana ba ce.

Suna isa gida matar ta hau kujera ta kwance ƙwan fitila goma sha ɗaya da ya liƙa mata a falo. Shekara ashirin tana kukan sun yi yawa, yau ga takardar likita a hannunta. Guda ta bari, babban da ke saman kujerarsa, tunda ya daɗe da mutuwa.

Washegari da tsakar rana fanka ta tsaya, firij ya yi shiru, ga rediyon maƙwabta na ta kiɗa. Matsalar tana akwatin wuta, a bangon waje, cikin rana. Ƙanin matar, wani tela, ya ce zai duba, ai waya da zare duk haɗawa ake yi.

Mai Lantarki na jin haka ya zabura. Ya lulluɓa da bargo, ya kifa hular babur, ya nufi ƙofa. Ya tarar matar ta kulle ta ɗaure makullin a bakin zani.

"Maigida, zaɓi ɗaya. Firij ko harshe."

Ya koma bayan labule yana huci. Daga nan ya shiga ba da umarni: a fara kashe babban makunni, a cire hannu daga jar waya, a ajiye almakashin nan. Tela ya ce ya ga wani baƙin zare ya warware.

"Waya ce, suruki. Ka ɗaure ta kamar wandon da ba ka son a dawo maka da shi."

Tela ya ɗaure, ya mayar da makunni. Fanka ta juya. Mataccen ƙwan nan ma ya farka, ashe wayar ce ta kashe shi tuntuni, ya kuma haske falon fayau a kan sanƙon maigida. Kafin ya buɗe baki matar ta kifa masa kwandon wanki, ta kai wa makunnin bango mari.

Ranar Juma'a likita ta juya fuskarsa dama da hagu, ba ƙuna ba kumburi. Tsiron ya fito a allo yana ƙyalli, ɗan mitsitsi. Mai Lantarki ya yaba aikin, ya ce ko shi bai taɓa kai wuta lungu irin wannan ba, sannan aka sa shi ya buɗe baki.

Da aka gama, likita ta ce wuƙa dai ba yanzu ba, sai a ga abin da hoton gaba zai nuna, amma ya huta da magana kwana uku.

Matar ta matso kusa da ita. "Likita, don Allah rubuta bakwai."