Surukin Mounkaïla

Da aka fara ajin manya a Zongo, rumfar kwano ce kawai a bayan shagon wani tela, mu 'yan tsiraru a kan benci. Malama Lubabatu ke koyar da mu, tsohuwa mai faɗan tsiya. Ka rubuta harafi a juye, sai ta goge allon da gefen mayafinta ta ce, "Sake! Furfurarka ba za ta yi maka karatu ba." Mun sha zagi, amma mun fara ganewa.

Abokina Mounkaïla ɗan zem ne, tun muna samari yake haya da babur a Kwatano. Ba sha'awa ta kawo shi aji ba. Fasinja sun koma kiran babur ta waya, wayar ce ke rubuta wa direba inda zai ɗauki mutum. Shi kuwa sai ya wuni a bakin kasuwar Dantokpa cikin rigarsa ruwan ɗorawa, yara suna ta kwashe mutane a gabansa. In bai iya karatu ba, sana'ar ta ƙare.

Ana haka aji ya girma. Wata ƙungiya ta shigo, aka mayar da mu ɗakin lekol, wato makarantar boko, mai fanka da kujeru, mutane suka cika har daga unguwar Zogbo. Aka ce Malama ba ta da diplom, takardar shaidar koyarwa, aka sallame ta da atamfa da godiya. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Sabon malamin da aka turo, Kamaludeen ne, mijin 'yar Mounkaïla ta fari.

Ranar farko da ya shigo ya hango surukinsa, sai ya cire takalmi ya tsuguna a tsakiyar aji yana gaisuwa. Muka yi ta dariya, ba mu san abin kuka ne ba. Daga ranar, kowa yana shan gyara ban da Mounkaïla. Ya karanta daidai, ya karanta shirme, amsar ɗaya ce, kai a sunkuye: "Madalla, Baba." Yaron kirki ne, wallahi, kuma ya iya koyarwa. Ni da hannunsa na koyi karanta sunan titi. Amma a ina aka taɓa ganin mutum ya kunyata uban matarsa a gaban jama'a?

Mounkaïla ba wawa ba ne. Ya gane. Wata ranar Asabar da aka tashi ya jira kowa ya fita, sai ni da ke ɗaure jakata. Ya miƙa wa yaron wayarsa.

"Malam, don Allah ka ajiye surukuta. In na yi kuskure ka faɗa min. Abincina ne."

Mounkaïla ya karanta layin da ke kan wayar, a hankali, yana bi da yatsa. Ko kalma ɗaya bai samu ba. Na dubi Kamaludeen. Ya sunkuyar da kai.

"Baba, ka yafe min," ya ce. "Ban isa ba."

Mounkaïla ya karɓi wayarsa, ya sa masa albarka, ya fita. Bai sake dawowa aji ba. Da ƙarshen shekara ƙungiya ta yi bikin yaye ɗalibai, aka kira sunansa cikin waɗanda suka ci. A satin ne ya sayar da babur ɗin.