Injin da Baba Sanda Ya Gina

Injin ya tashi ne daidai lokacin da mahaifina, Malam Salihu, yake tsakiyar biya wa ɗalibansa karatun bayan la'asar. Ƙara ce mai kauri, wadda mutum yake ji a ƙirjinsa kafin ta kai kunne. Kwanon rufin zaurenmu ya ɗauki rawa. Baba ya sa yatsa a tsakiyar littafi ya rufe, ya jira. Da ƙarar ta mutu sai tarin Baba Sanda ya biyo baya ta bayan katanga, dogo, kamar ba zai tsaya ba.

"Mutumin da likita ya ce ya kwanta ke nan," in ji Baba, bai dubi kowa ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Baba Sanda a Birnin Kudu. Makanike ne, a ƙarƙashin motocin da ke jigila tsakanin nan da Gwaram ya tsufa. Da ciwon ƙirji ya kama shi sai ya bar gareji, muka ɗauka hutawa zai yi. Sai ga shi ya sa an jawo masa wata tsohuwar motar akori-kura, ya ajiye ta a kangon da ke gefen gidansa, ya kewaye ta da zana. Zanar nan ce ta fara jawo magana.

Ni kuwa, Musaddiq, ina son 'yarsa Juwairiyya. Na karanta irin wannan son a littattafai da yawa, ina ɗauka ƙarin gishirin marubuta ne, sai da ya same ni na ga ashe ragewa ma suka yi. Mahaifina ya riga ya amince, ya ce da an gama girbi zai tura manya.

Usaini mai faci, wanda rumfarsa take bakin layinmu, shi ya fi kowa sanin abin da ke bayan zanar, ko da yake bai taɓa shiga ba.

"Ka san abin da surukin naka ya yi wa injin nan?" ya tambaye ni wata rana yana goga tiyub. "Kano ya aika da shi aka faɗaɗa ramukan fistin. Ya cire karanshaf ɗinsa, sandar da ke juya komai, ya sa na wata babbar mota. Kafireta ma ba nasa ba ne. Kai da ka yi karatu, mai ɗaukar itace ne yake neman wannan ƙarfin?"

"To wa ke nema?"

"Ni na sani? Mai son ya ɗauki abin da ba nasa ba ya ɓace kafin mai shi ya gama salati. Ba ka ganin mai babur ɗin nan?"

Ina ganinsa. Kowa yana ganinsa. Wani dogon mutum ne da ke fitowa ta hanyar Gwaram, fuskarsa naɗe da rawani, da ƙarafa a buhu. Sai ya wuce majalisar ƙofar gidanmu da ɗaga hannu kawai, ya shige bayan zana. A kwanakin nan kuma ana ta jita-jitar an kwashe shanun wani a wani ƙauye, an ce da mota aka zo.

Ranar nan da injin ya tashi, bayan ɗalibai sun watse, Baba ya kira ni.

"Maganar tura mutane, a dakata tukuna."

"Baba, wani abu aka ce na yi?"

"Ba kai ba. Da bakina na tambaye shi, muna fitowa daga masallaci. Na ce Sanda, motar nan ta wa ce? Ya ce ta mai ita ce. Ni zai gaya wa haka, da muka yi furfura a layi ɗaya. Ba zan haɗa zuri'a da abin da ban san kansa ba."

Da na gaya wa Juwairiyya a zaurensu, ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Ni ma ban sani ba," ta ce. "Ka san ni ce ta fari. Baba ko sunana bai taɓa kira ba, sai dai ya ce wa Inna, ki gaya wa yarinyar nan. Ina zan tambaye shi?" Ta ɗago. "Kai ma kana ganin zai yi wa ɓarayi aiki?"

Na ce a'a. Ta ci gaba da dubana kamar tana jiran saura.

Washegari da hantsi na yi abin da mai neman aure ba ya yi, na ɗaga zanar na shiga. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi. Yana zaune a kan tsohuwar taya, ya rame har agogonsa ya zame zuwa tsakiyar hannu. Injin kuwa yana nan a buɗe, a wanke, yana ƙyalli, shi kaɗai ne mai lafiya a wurin. Tun da na fara zuwa zance gidansa ya daina haɗa ido da ni. Ya amsa gaisuwata yana kallon injin.

"Baba, mutane suna magana."

"Na ji. Suna cewa gudu." Ya yi tari, ya tofar a tsumma. "Ni ba gudu na gina ba, ja na gina. Gudunta ma ragewa ya yi. Amma a loda mata buhu har ya fi kanta tsawo, a sa mata giya ta biyu, za ta tashi daga tsaye ba kuka ba roƙo. Ƙarfin a ƙasa yake, tun injin bai ɗaga murya ba."

Ya faɗi haka da wani taushi da ban taɓa ji a bakinsa ba. Na yi ta maza na ce, "To Baba, ta wa ce?"

Ya ɗauki sifana ya juya mini baya. "Ka gaida Malam."

Na kai wa mahaifina wannan bayanin da zumuɗi, ina ganin na samo maganin komai. Ya saurara har na gama.

"Ja," ya ce. "Shanu ma ai nauyi gare su."

Baba Sanda bai kai ƙarshen makon ba. Da safe Inna Mero, matarsa, ta kai masa kunu bayan zana ta tarar ya rufe bonet, ya jera sifanoninsa a kan buhu, ya shiga motar ya zauna a gefen mai zaman banza, kansa jingine da gilashi. Ta yi masa magana sau biyu. Sai muka ji kofin ya faɗi.

Baba ne ya yi masa wanka, shi ya ja sallar. Da muka dawo daga maƙabarta na ji yana gaya wa wani dattijo cewa baƙin man da ke ƙarƙashin faratansa ya ƙi fita, haka aka sa shi a likkafani. Kukan Juwairiyya yana tsallako katanga, ni kuma ina zaune a tabarma cikin maza, ba ni da ikon ko miƙa mata ruwa. Baba Sanda ya tafi bai ba ni ita ba, bai kuma wanke sunansa ba.

Ana zaman makoki da yamma sai ga babur ɗin. Hira ta ɗauke. Usaini ya tashi a hankali ya je ya tsaya kusa da babur ɗin, kamar inuwa yake nema. Mutumin ya kwance rawani, sai ga dattijo mai jajayen idanu, hancinsa irin na mamacin. Ya ce sunansa Ɗanbala, daga wani ƙauye a bayan Basirka, shi da Sanda 'ya'yan wa da ƙani ne. Aka yi addu'a. Baba bai jira an shafa da kyau ba.

"Malam Ɗanbala, ka yi haƙuri da lokacin. Motar nan ta wa ce?"

"Ta yarinyar ce. Ya ba ta kyauta, ni da uwarta ne shaidu, yarinyar ma ba ta sani ba." Ya share ido da gefen rawani. "Ya ce ba shi da gonar da zai bar mata. Ya ce yaron naku mai hankali ne, amma littafi ya iya. Su riƙa ɗauko hatsi daga ƙauyukanmu, inda motoci ba sa son shiga, su kai kasuwar Gwaram."

"Me ya hana shi gaya mini? Na tambaye shi."

"Malam, 'yar fari ce fa. Kai kuma uban yaron. Ya dube ka ya ce ga abin da na tanadar wa 'yata, kamar mai tallarta? Ni kaina ƙasa yake kallo da ya faɗa mini. Shi ya ce kada in tsaya a majalisarku, don ya san ba na iya riƙe magana."

Baba ya sunkuyar da kai. Daga wajen babur na ji Usaini ya ce ƙasa-ƙasa, "Haka dai ya ce."

Bayan 'yan makonni Baba ya tara manya, za su je wurin Ɗanbala, tunda shi ne waliyyi yanzu. Ya ce a motar za a je, kuma Usaini ne zai ja, tunda ya iya tuƙi kuma shi ya fi kowa saninta. Ni aka ce in hau baya in ga hanya, in an isa in zauna a mota. Muka ɗauki buhunan taki da Ɗanbala ya yi saƙo, da dattawa a kansu, da huhun goro.

Bayan Basirka muka bar kwalta. Can gaba hanya ta gangara cikin wani busasshen rafi mai faɗi, rairayi zalla, ga ramukan da tayoyin wasu suka haƙa, ga rassan da aka shimfiɗa aka fitar da su. Dattawan da ke baya suka fara naɗe riguna, kowa ya san a nan ake sauka a tura. Ta gilashin baya na ga Baba ya sunkuya ya cire takalmansa, ya kama murfin ƙofa. Usaini ya sauke giya. Injin ya yi gurnani a hankali, motar ta shiga rairayin, ta ci gaba da tafiya kamar mai tattaki, har ta haye ɗaya gaɓar.

Muka ratsa gonakin da aka gama girbewa, Baba yana zaune a gaba, takalmansa a kan cinyarsa.