Ƙullin Stanimir

Stanimir kum ɗina ne: shi ya tsaya mini ranar aurena, ni kuma na riƙe 'yarsa Dragica ranar da aka yi mata baftisma. Kwale-kwale ɗaya muke da shi a bakin kogin Tisa tun muna da baƙin gashi. A garinmu duk wanda ka ga ya iya haɗa kitsattsen zare da siririn lailan ɗin bakin ƙugiya, to a hannunsa ya koya. Yana hira yake ƙullawa, ba ya ko kallon yatsunsa. Ya jiƙa da yawu, ya ja, ya datse sauran da haƙori.

A kakar wata shekara abin ya soma. Muna neman kifin da muke kira smuj a gindin tsohuwar gada, ya jefa ɗan kifin roba ruwan ɗorawa, ya bar shi ya taɓa ƙasa, ya ɗan fizga. Sanda ta lanƙwashe. Kafin in miƙa hannu ga raga, sai ga zare ya dawo fayau, ba kifi ba ƙugiya. Na kama bakin zaren na duba. Bai tsinke ba, a murɗe yake, ƙulli ne ya zame.

"Zaren banza," in ji shi. "Komai yanzu santsi gare shi."

"Kai dai tsufa ne, kum."

"Tsufa a gidanku. Zuba mini giyar rakiya ka rufe baki."

Muka yi dariya. Amma kafin azahar ya sake asarar ƙugiya har sau biyu, duk ta hanya ɗaya.

Daga nan ya shiga sayen zare. Wannan ya yi kauri, wancan ya yi laushi, kore yana korar kifi. Mai shagon kayan kamun kifi har ya fara jin nauyin sayar masa. Ni kuwa na samo dabara: in zauna a gida in ɗaura ƙugiyoyi masu kan dalma, in sa musu kifin roba, in faki idonsa in zuba masa a akwati. Rannan ya ɗaga ɗaya sama ya ƙura mata ido.

"Wane ɗan koyo ne ya taɓa mini kaya? Dubi wannan ƙulli, kamar na buhun albasa."

Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina, ashe yana nan.

Ba a yi nisa ba sanyi ya shigo. Wata safiya hazo ya rufe kogi, muna tsakiyar ruwa, na ji shiru ya yi yawa a bayana. Na waiga. Yana zaune, zare a hannun dama, ƙugiya a hagu. Ya zura zaren ta ido, ya tsaya. Ya zare, ya sake zurawa, ya sake tsayawa. Hannunsa ba ya rawa ko kaɗan.

"Obrad," ya ce a hankali, "daga nan sai me?"

Na matsa kusa na riƙe yatsunsa, na juya su yadda shi da kansa ya taɓa juya nawa. Ya bi ni har muka ja ƙullin. Can sai ya miƙe tsaye a cikin kwale-kwalen ya ce in kai shi gaɓa, zai makara wurin aiki. Kamfanin sukarin da yake nufi ya daɗe da rufewa, ciyayi sun cinye harabarsa. Jirgi ya karkata, ruwa ya shigo, da ƙyar na riƙo bel ɗinsa na zaunar da shi.

Matarsa Milunka ta ga wandonsa a jiƙe, ba ta tambaye shi ba. Ta zuba mana farfesun kifi, ta jira ya shiga ɗaki, sannan ta biyo ni bakin ƙofa.

"Kum Obrad, kada ka ƙara fita da shi."

"Milunka, in aka raba shi da kogi me ya rage masa?"

"Ni zan rage masa, in kogin bai riga ni ɗauka ba. Likita ya gaya mana tun bazara cewa ciwon mantuwa ne. Shi ya hana ni faɗa maka."

Washegari na ce masa injin kwale-kwalen ya lalace. Ya yarda. Kowace safiya sai ya saɓo sandarsa ya ɗauki akwati ya zo mashigi, ya tambaye ni ko an gyara. In ce ana jiran kaya daga birni. Ya zagi makanikai, mu zauna a kan kututture muna kallon jiragen wasu suna wucewa. Ni ma na daina fita, don ban san ta inda zan bi in shiga ruwa yana kallona ba.

Ranar da aka tsince shi tsaye cikin kogi, ruwa har gwiwa, ƙanƙara tana yawo a gefensa, Dragica ta zo da mota ta tafi da shi da Milunka birnin Novi Sad. A hawa na shida na wani bene suke zaune. Na je sau ɗaya. Ya karɓe ni da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo, ya ce wa Milunka ta kawo wa malamin nan kofi.

Akwatinsa ni aka bar wa. Na ajiye a rumfar bayan gida, ban iya buɗewa ba har zafi ya zo ya wuce. Da na buɗe, kifayen roban nan da ya yi shekaru yana zaɓa ɗaya bayan ɗaya duk sun narke sun manne da juna, fari da ja da ruwan ɗorawa, ƙugiyoyi sun yi tsatsa a ciki. Na zauna da wuƙa ina ƙoƙarin raba su har rana ta karkata. Ko ɗaya bai fita lafiya ba.