Zanen Auta a Saman Kujera

Bangon falonmu ya zama kamar rariya, kuma duk aikin maigidana ne da gudumarsa. A kan me? A kan wani ɗan zane da bai wuce faɗin faranti ba. Autarmu ce ta zana shi kafin aiki ya kai ta nesa: tsohon gidanmu, da shuɗiyar ƙofarsa da bishiyar da ke gefe.

Da farko can sama ya kafa shi, daidai idonsa. Mutumin dogo ne, ga shi ba ya jin shawara. Na ce, "Haba Maigida, wa zai gan shi a can, ƙadangare?" Ɗan mitsitsin abu a saman doguwar kujera mai cin mutum uku! Ya ce ni ban san tsari ba.

Ba a daɗe ba ya sauko da shi, wai haske yana dukan gilashin da ke fuskar zanen. Can kuma ya ce kujerar ce ta karkace. Kowane sauyi da sabuwar ƙusa, kullum ƙasa-ƙasa, kullum yana matsawa gefen kujerar, inda zai iya tsayawa ya kai fuskarsa kusa. Ni kuwa na san dalili. A gabana likita ya ce masa ganinsa yana raguwa, kuma ba zai dawo ba. Mutumin da ya tsufa yana tuƙa babbar mota, yana hango rami tun daga nesa! Ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya wa Auta ba. Zanen ne yake ɓace masa, shi kuma yana bin sa da guduma. Sai in riƙe masa ƙusa ina ta mita, don mitar ta fi mini kuka sauƙi.

Ranar da Auta ta zo hutu, ko jakarta ba ta ajiye ba ta tsaya tana kallon bangon.

"Baba! Wa ya yi wannan ta'asa? Ai a tsakiya ake sa zane, a bar kamar tafin hannu tsakaninsa da kujera. Wannan ma ya yi wa kujerar ƙanƙanta."

"Tambayi uwarki," in ji shi, "ita ce ba ta gamsuwa."

Ji sharri! Na buɗe baki zan rama, sai na ga Auta tana bin ramukan ƙusar da yatsa, daga sama har zuwa gefen da ubanta ya saba tsayawa. Ta juyo ta dube ni. Hawaye kuwa ya riga ya tona ni.

Washegari ta shigo da ƙaton allo da gwangwanayen fenti, ta mamaye mini baranda. Ta ce wa ubanta tsohon zanen aikin koyo ne, kunya yake ba ta. Sabon da ta zana ya kusa cinye faɗin kujerar. Gidan nan ne dai, amma babu ƙananan ganye, babu siririn layi, sai manyan launuka masu ƙarfi. Ita ta auna, ita ta kafa, ta hana shi ko taɓa ƙusa. Sannan ta ja hannunsa ta zaunar da shi a kujerarsa da ke fuskantar bangon.

"Ya yi girma," ya ce. "Baƙi za su ce nuna kai muke yi."

"To, in sauke, Baba?"

Daga inda yake zaune yake kallo, bai tashi ba, bai matsa ba.

"Ashe ƙofar tana nan shuɗiya," ya ce a hankali. "Na daɗe ina ganinta baƙa."

Auta ta durƙusa ta kifa kanta a gwiwarsa. Ya dafa ta da hannu ɗaya, ya laluba gudumar a kan tebur da ɗayan, ya miƙo mini.

"Ungo, ki ajiye. Na gama."

Na karɓa, na ce to madalla, bango ya huta. Na so in ƙara masa da wata tsokanar, amma sai na juya na kai gudumar ɗaki ina share ido da gefen mayafi.