Shafin Rigunan Saudatu

Shekarar da damina ta ƙi, gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, Hajiya Lailatu ba ta fasa al'adarta ba. Duk gabanin babbar Salla takan share butik ɗinta, shagon tufafi da ke bakin kasuwar Tasawa, ta rataye sabbin ɗinkunan teloli masu zaman kansu, kowa da salonsa. Bana sauran telolin sun aiko cewa ba su da abin kawowa. An rufe iyakar Najeriya, yadi ya yi wuya. Saudatu ta ƙauyen Maijirgi ce kaɗai ta zo, bisa amalanken jaki, da ƙunshinta a cinya.

Rigunan mata ne na saƙi, aikin wani tsohon masaƙin Mayahi. Saudatu ce ta rina su da shunin baba, ta yanka wuyan a karkace, ta zagaye shi da farin zare. Hajiya ta ɗaga ɗaya a haske, ta ce ba ta taɓa ganin irin wannan yanka ba, ko a Maraɗi.

Sai da ta juya cikin rigar fuskarta ta sauya. Saƙi yana da kaushi, don haka an yi masa shafi mai laushi daga ciki. A jikin shafin, ƙarƙashin rinin, ana hango inuwar manyan haruffa.

"Saudatu, wanga ba buhun garin agaji ba ne?"

"Shi ne, Hajiya. Amma wofi na same shi. Matan da yunwa ta koro daga arewa suka ba ni, ni kuma na ɗinka ma ɗiyansu riguna."

"Wa za ya tsaya ya ji wannan? Makon jiya sojoji suka ɗauke wani mai kanti don an ga buhu guda a ɗakinsa, wai yana sayar da kayan agaji. Har yau iyalinsa ba su san inda yake ba."

Saudatu ta tuna mijinta da ya tafi cirani, da uwarsa makauniya da ta baro da tulun ruwa a gefen tabarma. Ta miƙa hannu za ta tattara rigunan, sai mota ta tsaya a ƙofa.

Madam Zeinabou ce, matar kwamandan sojan gari, wadda kowace shekara ita ke fara zaɓe. Wani jandarma ya biyo ta, ya tsaya bakin ƙofa da bindiga a kafaɗa.

"Hajiya, ina sabbin namu?"

Babu damar ɓoyewa, rigunan na shimfiɗe a kan tebur. Madam ta shafa ɗaya, ta ɗauka, ta shiga bayan labule. Saudatu ta tsaya tana kallon takalman jandarman. Hajiya ta yi ta gyara kwalaben turare waɗanda ba su buƙatar gyara.

Madam ta daɗe. Da ta fito, rigar na hannunta a naɗe, ciki a waje, babban yatsanta a kan haruffan.

"Wa ya ɗinka wannan?"

"Ni ce, ranki shi daɗe."

"Ina kika samu shafin?"

Saudatu ta faɗa mata, har ta ambaci sunayen matan da inda suka kafa bukkokinsu bayan tasha. Tana gama faɗa ta yi nadama, don ta ga ta jawo su cikin magana.

Madam ta dubi ƙofa. Jandarman na kallon titi. Ta juya rigar daidai, ta rage murya.

"Ni ban ga komi ba. Amma mai gidana in ya gani, ba ya da zaɓi, shi ma akwai na sama da shi. Ki warware shi duka, ki ƙone. Zan aiko da tsohon zanen gado, ki sa ma tawa. Jibi nake so."

Motar na tashi Hajiya ta ja ƙofa ta sa sakata. Suka zauna ƙasa da reza, kowa da riga a cinya. Garin sauri Saudatu ta yanke wuyan ɗaya, ta ɓata ta. Kafin la'asar sun kai tsummokaran murhun mai ƙosai na bayan shago, sun tsaya har suka zama toka.

Madam ta sa rigarta ranar idi, matan ma'aikata suka yi ta tambayar telar. Saudatu ta samu aikin da ya ciyar da gidanta har rani. Amma duk sa'ad da ta ji ƙugin mota a hanyar Maijirgi, sai ta ɗauke ƙafa daga keken ɗinki, ta saurara har ta wuce.